Babban Yatsan da Na Baro a Yola

Likitan unguwarmu ya ci mini babban yatsan ƙafar dama. Ba shi ya riƙe wuƙar ba. Wuƙar ta wata ce a Yola, ita kuwa kullum ina yi mata addu'a. Shi da waya ya cire shi, yana murmushi, yana danna taurari.

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi lafiya a teburin Malam Iro ba. Kowa ya zauna sai, "Sale, yaya Najeriya? Sale, da gaske mace ce ta yanka ka?" Bakina ba rediyo ba ne. Ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A aji biyar na firamare karatuna ya tsaya, saboda haka wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa.

Wanda bai san ni ba, ni tela ne. A nan Briqueterie aka haife ni, Birik ɗinmu ta Yawunde, kuma shekara talatin ke nan ina taka keken ɗinki. Na ƙafa, ba na lantarki ba, domin telan da ya dogara da wutar garin nan zai yi Sallah da yadin mutane a ninke. Ƙafar dama ita ce gonata, ita ce shanuna.

Wata uku kafin azumi wani ɗan miki ya fito a ƙasan babban yatsan. Ban san abin da na taka ba, ban ma ji zafi ba. Maimuna, uwar 'ya'yana, ita ta ga jini a silifa. A kwanakin kuma faso ya dame ni, sai ta kwaɓa lalle ta ɗaura mini a dunduniya, yadda uwata take yi wa ubana. A dunduniya kawai. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na je ƙaramin asibitin da ke hanyar Tsinga. Ba zan faɗi sunan likitan ba, kun san shi. Ya shekara goma a cikinmu, yana jin Hausar sayen soya a wurin mai tsire, ya kuma ɗauka ya haddace mu kamar Fatiha. Kowa Alaji ne a wurinsa, har ni da ban taɓa ganin cikin jirgin sama ba.

Na tarar an kawo masa sabon abu. An haɗa ordinatansa, wato kwamfuta, da manyan likitoci. Ya ɗauki hoton ciwo, ya rubuta tambaya, ya tura, bayan kwana ɗaya ko biyu amsa ta dawo. Babu bin layi a babban asibiti, babu kuɗin mota. Ya ce in ɗora ƙafa a kan kujera. Ya tsaya can nesa, kamar mai ɗaukar hoton amarya.

"Alaji, ɗaga kaɗan. Voilà!"

Bai sa safar hannu ba, don ba abin da zai yi da ita. Ya koma ya yi ta ƙwanƙwasa ordinata da Faransanci.

Bayan kwana biyu na koma. Ya ce, "Babban likitan fata ya amsa. Cin ruwa ne. Ku kuna wanke ƙafa sau biyar a rana, ba kwa sharewa. Ga pomad, ka shafa safe da yamma."

Na ce, "Dokta, yatsan fa ya fara baƙi."

Ya yi dariya. "Alaji, na san ku. Na san al'adarku sosai."

Sai ya juyo mini da allon. "Ka ga nan? Suna tambayata, na gamsu da amsar? Très satisfait." Ya danna taurari biyar, suka yi rawaya. "Nan kuma, an hutar da mara lafiya zuwa babban asibiti? Oui." Ya danna.

Na ce, "Ni fa, ina nawa taurarin?"

"A'a, wannan na likitoci ne."

Kun ji fa. Mai tuƙa tuwo ake tambaya ko tuwo ya yi daɗi, mai ci yana zaune da lomarsa a wuya.

Sau uku ina komawa cikin mako shida. Sau uku yana ƙara mini pomad. A na ukun na ce ya rubuta mini takardar zuwa babban asibiti. Ya ce, "Don me? Babban likita ya riga ya gan ka." Na ce, "A ina?" Ya dafa ordinata ya ce, "A nan." Na ce to ya fitar mini da abin da suka rubuta wa juna a takarda. Ya fitar, har yana alfahari, shafi biyu. Na ninke na sa a aljihu. Faransancina na kasuwa ne, bai kai na likitoci ba.

A makon ne na kasa taka keke. Shaddar mutum goma sha ɗaya tana jibge a shago. Yayata Asabe, wadda ke aure a Jimeta, ta bugo waya, Maimuna ta kwashe komai ta gaya mata. Mijinta Malam Hamidu ya yi shekara talatin yana tura gadon marasa lafiya a asibiti kafin ya yi ritaya. Ya karɓi wayar ya ce, "Sale, ka taho. A nan ko ba komai za ka yi bayani da harshen uwarka." Zuciya ta ɗebe ni, na ce na gama da likitocin Yawunde, manya da ƙanana. Na naɗe ƙafar da ragowar shadda, na hau moto, wato mashin, zuwa gar, tashar jirgin ƙasa.

Jirgin Ngaundare da yamma yake tashi. Na sami wuri kusa da taga, gabana wani Bafulatani dattijo, Alhaji Bakari, dillalin shanu, ya sayar da dabbobinsa yana komawa gida. Ba mu bar unguwar Elig-Edzoa da nisa ba mai tallar magani ya shigo da jaka. Kun san irinsu. Kwalba ɗaya, tana maganin basir, tana maganin hawan jini, tana dawo da matar da ta yi yaji. Ya hango ƙafata ya yo kaina.

"Papa, wannan kwana uku ya warke!"

Na ce, "Ka ga ciwon?"

"Ba sai na gani ba."

Na ce, "To kai ma likita ne. Taurari kawai suka rage maka."

Alhaji Bakari ya tambayi zancen taurarin, na ba shi labari. Ya daɗe yana shafa gemu. Sannan da Hausarsa ta Fulani ya ce, "Malam, yaran nan suna turo mini hoton saniya a waya, wai in saya. Ina dubawa, ina jin daɗi, yana rage mini yawo. Amma ba na ba da ko dala sai wani nawa ya kama tozonta, ya buɗe bakinta, ya ɗaga kofato. Saniya ke nan fa." Ya ɗan matso da hanci, ya ja baya. "Kuma kada ka ji haushi, wannan ƙafa tana magana."

Na ji haushi. Amma na buɗe taga.

Tafiyar daren ba abin faɗi, jirgi ya yi ta tsayawa, mata suna ihun tallar bobolo na rogo da zuma a tagogi. Abin da na sani, ruwan gora uku na shanye, kuma na fi kowa sanin hanyar bayan gida a taragon nan. Da hantsi muka shiga Ngaundare. Alhaji Bakari ya saya mini kindirmo, ya raka ni har ajans, tashar motocin Garwa, ya ce wa mai yankan tikiti da Fulatanci a ba ni kujerar bakin ƙofa. Na ɗauka karamci ne. Daga baya na gane mutanen motar ya tausaya wa.

Hanyar Garwa akwai gangaren nan na dutse da kowa yake salati, har wanda bai yi sallar asuba ba. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shingaye. Kowane shinge sai an sauka, kowa da katinsa a hannu, a taka a wuce, mota ta biyo baya. Mai ƙafa biyu ma ya gaji, balle mai ɗaya da rabi. A shinge na uku wata tsohuwa makauniya ta ba ni sandarta, ita ta dafa kafaɗata. Haka muka wuce, gurgu yana jan makauniya.

Garwa kuwa, ku mutanen Birik da kuke kukan zafi idan rana ta fito awa biyu, ku je ku ga uwar rana da 'ya'yanta. Na sauka a wani masauki kusa da tasha. Mai masaukin ya ba ni ɗaki a tsakiya, bayan rabin awa ya dawo ya ce ya tuna akwai wanda ya fi shi iska, can bakin ƙofa, kusa da inda ake ɗaure awaki. Awakin ma ba su yi murna ba. Na fita wajen wata mai gasa kifin Binuwai. Kifi ne na gaske, ba irin gawar da ake kawo mana cikin ƙanƙara a kasuwar Mokolo ba. Amma ban ci rabi ba na shanye mata moɗa huɗu.

Ta ce, "Baba, kifi ka zo ci ko randa?"

Mai kifi ta lura. Likita mai takardar jami'a bai taɓa tambayata ko ina shan ruwa ba.

Washegari ƙaramar mota zuwa iyaka, ta Gashiga. Mu huɗu a gaba har direba, giya tana tsakanin cinyoyin wani malami, duk canjin giya sai ya ce a'uzubillahi. A bakin iyaka wani mai kaki ya duba katina, ya duba katin rigakafi, sannan idonsa ya sauka kan ƙunshin shadda.

"Me ka ɓoye a nan?"

"Ƙafa."

"Kwance."

Na zauna a benci na kwance masa a hankali. Ya sunkuyo sosai, yana neman gwal ko ƙwaya. Sai ya miƙe zumbur ya toshe hanci da hularsa. "Tafi! Tafi! Mutumin nan, asibiti za ka, ko maƙabarta?" Ko sisi bai nema ba. Ina so a rubuta wannan a tarihi: ma'aikaci na farko da ya kawo hancinsa kusa da ciwona, mai tsaron iyaka ne.

Da na tsallaka sai na zama baƙo. A Yawunde, inda aka binne cibiyata, ana ce mini ɗan Najeriya. A Najeriya na buɗe baki na ce a kira mini moto, na faɗi lamba da Faransanci, sai ga yara da manya suna, "Ɗan Kamaru ne!" Shekara hamsin da biyu, ban san ba ni da ƙasa ba sai ranar. Su kuma nasu abin mamakin, kowa oga ne, mai faci oga, mai rake oga. Burodinsu zaƙi kamar alewa, ba irin sandar da muke karya haƙori da ita ba. Kuɗinsu kuwa tarin takarda, ka cika aljihu ka sayi ruwan leda.

Na isa Jimeta la'asar. Yaya Asabe ta gan ni ta fashe da kuka, ta ce na rame kamar tsinken tsire. Ta shiga kiciniyar tuwo. Malam Hamidu bai ma amsa gaisuwata duka ba. Ya durƙusa ya kwance shaddar, ya duba, ya mayar.

Ya ce, "Asabe, sauke tukunyar nan. Sale, tashi."

"Yaya, ko ruwa ban..."

"Ka sha a can."

Asibitinsu kamar namu ne, layi, kati, jira, mai shara tana yi wa kowa tsawa. Sai dai Malam Hamidu ya san kowace ƙofa da wanda ke bayanta. Aka shigar da ni wurin wata likitar tiyata, Dokta A'ishatu. 'Yar firit da ita, da tabarau, ba ta kai ƙanwata ta uku ba. Na ce a raina, na baro namiji na zo wurin yarinya. Ta sa safar hannu, ta jawo kujera, ta ɗauki ƙafata da hannu biyu ta ɗora a cinyarta. Kunya ta kama ni, na kau da kai.

"Baba, rufe ido. Ka ji wannan?"

"Me?"

"Wannan fa?"

"Ba ki fara ba ai."

Ashe tun ɗazu tana tsikarata da tsinke. Ta danna bayan ƙafa tana neman bugun jini, ta daɗe. Ta ce, "Kana yawan jin ƙishirwa? Fitsari fa? Kiyashi suna taruwa inda ka yi?" Duk na ce e. Aka huda mini ɗan yatsan hannu, aka ɗiga jini a wani ɗan abu kamar akwatin ashana. Ta duba, ta nuna wa Malam Hamidu, ya ce innalillahi.

"Ciwon suga ne, Baba, ya daɗe a jikinka. Shi ya kashe maka jin zafi. Yatsan nan ya mutu. In muka bar shi zai ja ƙafar, ƙafar ta ja ka. Wa yake duba ka a can?"

Na zaro takardun nan biyu. Ta ce ba ta jin Faransanci. Sai ta ɗauko waya ta ɗauki hotonsu. Na ce, "La ilaha illallahu, nan ma?" Ta yi dariya ta ce wayar za ta juya mata zuwa Turanci. Ta karanta, dariyar ta ɗauke. Ta fassara mini da Hausa, layi layi.

Ga abin da likitanmu ya rubuta wa babban likita. Namiji, Musulmi, yana wanke ƙafa sau biyar a rana. Miki a yatsa. Kada a damu da launin da ake gani a hoton, lalle ne, mutanen unguwar nan suna sawa.

Lalle. Ya ga ja a dunduniya, ya ga baƙi a yatsa, ya haɗa su ya ɗaura musu aure, don ya san al'adarmu. Bai tambaye ni ba. Kalma ɗaya ce, da na ba shi amsa.

Babban likitan kuma, bawan Allah, ya amsa abin da aka tambaye shi: in haka ne, cin ruwa ne, a ba da pomad. Amma a ƙasa, layin ƙarshe na shafi na biyu, ya ƙara da cewa in ba a tabbatar baƙin nan lalle ba ne, a auna suga yau, a turo shi da gaggawa.

Mako shida wannan layi yana zaune a cikin ordinata, a ƙarƙashin taurari biyar.

Na fara zagin na'ura da wanda ya ƙera ta. Dokta A'ishatu ta ɗaga hannu. "Tsaya, Baba. Ni ma kullum ina amsa irin waɗannan tambayoyi daga asibitocin ƙauye. Akwai masu ƙafa biyu yau saboda su. Amma na'ura ba ta da hanci, ba ta da hannu. Na likitan da ke gabanka take ara. In ya yi mata rowa, makauniya ce." Ta gyara tabarau. "Kai ma kana da naka. Kwana nawa ka yi a hanya?"

"Uku."

"A garinku babu masu tiyata? Da ka hau mashin ka je ƙofar gaggawa ka kwance musu wannan shaddar, babu mai tambayarka takarda. Fushi ka bi har wata ƙasa da ruɓaɓɓen yatsa."

Gaskiya ta faɗa. Wannan nawa ne, na ɗauka, kuma na rubuta shi a nan don kada wani ya ce na ɓoye.

Washegari aka cire shi. Malam Hamidu ya karɓo shi, ya naɗe a ƙyallen shadda mai tsabta, ya kai maƙabarta ya binne, ya ce ɓangaren Musulmi ba ya shiga kwandon shara. Na yi mako uku a kwance. Aka raba ni da suga, aka raba ni da burodin nan nasu. Ku da kuke dariya don na ce wa Malam Iro ya ba ni shayi baƙi, yanzu kun san dalili. Azumi ya same ni a gadon asibiti, Sallah ta same ni a gidan Yaya Asabe. Shaddar mutum goma sha ɗaya Maimuna ta rarraba wa wasu teloli. Huɗu daga cikin masu ita har yau ba su dawo shagona ba.

Dawowa ba labari. Mai kakin nan na iyaka ya gane ni, ya ɗaga mini hannu daga nesa. Yanzu ina koyon taka keke da dunduniya da ƙafar hagu, ɗinkin yana tafiya kamar maye, amma yana tafiya.

Kwana biyu da sauka na tafi hanyar Tsinga. Na yanki kati, na bi layi kamar kowa, don kada a ce na yi rashin ladabi. Da na shiga ya ware hannu.

"Ah, Alaji! Ka ɓace! Pomad ta yi aiki, ko?"

Na rufe ƙofa. Na ajiye masa shafi na biyu, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin layin ƙarshe. Ya karanta. Ya sake karantawa. Na cire takalmi, na ɗaga ƙafar na ɗora a kan teburinsa, gab da ordinata.

Ya ce, "Alaji, ka gane, a hoton..."

Na ce, "Sunana Sale. Ban je Makka ba, Yola na je. Yau ba hoto, Dokta. Miƙo hannunka."

Bai motsa ba. Na kamo hannun na ɗora a kan tabon.

Na ce, "Ka ji? Haka jikin mutum yake. Shekara goma kana cikinmu kana cewa ka san mu, yau ka fara taɓa ɗaya daga cikinmu. Ba na son kuɗinka, ba zan kai ka ƙara ba. Akwai tsohuwa a waje da kumburin ƙafa, ita ce bayana. Ka taɓa ta kafin ka ɗauke ta hoto, ka tambaye ta kafin ka rubuta, in amsa ta zo ka karanta har ƙasa. Yanzu ƙirga yatsun nan."

Ya tsura wa ƙafar ido.

"Ƙirga mana, kai ne mai ilimi."

A hankali ya ce, "Huɗu."

Na ce, "To, in na'urarka ta sake tambayarka ko ka gamsu da aikin da ka yi mini, huɗu za ka danna. Na biyar ɗin yana Yola, a cikin ƙasa."